Tafiya duwatsun Azbin daga Tawa: abin kallo, wuraren ziyara da shirin hanya

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Tawa. Ni da abokan aikina biyar, biyu daga cikinsu a Yamai suke, muna son mu yi hutun ƙarshen shekara a duwatsun Azbin. Muna da kwana goma. Me ake gani a can, ina ake ziyara, kuma wane shiri za mu yi?

Amsa: Malam, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Lokacin da kuka zaɓa ya yi daidai, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ake jin daɗin Azbin. Amma kwana goma ba za su ishe ku zagaye Azbin duka ba. Yankin yana arewa da Agadas, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 84,000, kuma yawancin hanyoyinsa cikin ƙorama da tsakuwa suke bi. Wanda ya ce sai ya taɓa dutsen Bagzan da garuruwan Timiya da Iferwan da bakin hamadar Tenere a tafiya guda, a cikin mota hutunsa zai ƙare. Ku zaɓi hanya ɗaya ku bi ta a tsanake. A tafiyar farko Timiya ce ta fi dacewa da ku, sai dai idan dukanku masu ƙarfin ƙafa ne kuma hawan dutse kuka fi so, to sai Bagzan.

Kafin komai akwai maganar tsaro. Jihar Agadas ta ga tawaye a shekarun 1990 da kuma daga 2007 zuwa 2009, kuma an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin a wannan tawaye na biyu. Tun da aka fara haƙar zinariya a arewa a 2014, zirga-zirga ta ƙaru, ƴan fashin hanya ma sun ƙaru. Halin hanya yana canjawa daga wata zuwa wata, don haka labarin wanda ya je bara ba zai yi muku amfani bana ba. Idan kun isa Agadas ku je ofishin gwamna ko wurin jandarma, ku faɗi hanyar da za ku bi da ranar dawowarku, ku tambaya ko ana buƙatar takardar izini ko rakiya. Idan aka ce kada a bi wata hanya, kada ku bi. Kowa ya riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa domin akwai shingaye. Ba a tafiyar dare, ba a kauce wa sawun motocin da suka riga suka wuce, ba a kuma shiga dutse ba tare da jagora ɗan yankin ba. Jagora nagari shi ne wanda yake da dangi a garuruwan da za ku sauka, wanda zai iya gaya muku sunan rijiya ta gaba da mai garin da za a gaisar. Ku same shi ta hannun mutumin da kuka sani a Agadas ko ta ofishin yawon buɗe ido, ku daidaita kuɗinsa da abincinsa da na direba tun kafin a tada mota.

Mutanen Yamai su zo su same ku a Tawa ta Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Tsarnawa, kusan kilomita 550 ke nan, wuni guda. Kafin su taso, su leƙa gidan tarihi na Boubou Hama su ga gawar itacen nan da ya tsaya shi kaɗai a hamadar Tenere har mota ta kaɓe shi a 1973, domin labarinsa zai yi ta fitowa a bakin jagororin Azbin. Daga Tawa zuwa Agadas ta Abalak kimanin kilomita 400 ne. Kada ku auna shi da sa'o'in titi mai kyau, ku ba shi wuni cikakke, ku tashi da asuba. Zuwa da dawowa sun cinye kwana biyu ga mutanen Tawa, huɗu ga na Yamai. Abin da ya rage wa dutse kwana biyar ne, da kwana ɗaya a Agadas.

Wannan kwana na Agadas kada ku ɗauke shi na sayen kaya kawai. Babban masallacin garin, mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27, an gina shi a wajen 1515 aka kuma sake gina shi a 1844, kuma tsohon garin ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Ana hawa hasumiyar da izinin masu kula da ita. Matakalar tana ƙara matsewa yayin da ake yin sama, har a ƙarshe sai mutum ya sunkuya ya bi da kafaɗa, saboda haka mai ƙiba sosai ko mai jin jiri ya tsaya a ƙasa. Daga sama kana ganin fadar Sarkin Abzin a gefe, unguwannin jar ƙasa a ƙarƙashinka, da duwatsun farko na Azbin can arewa kamar hayaƙi. Ga mutumin ƙasar Hausa akwai abin da ya haɗa shi da garin: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibril ɗan Umar, har Agadas don neman ilimi. Gobirawa kuma a tarihinsu na baka suna cewa a Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu. Ba baƙuwar ƙasa za ku ba, kuma za ku tarar da Hausa tana aiki a ko'ina, musamman a bakin mazan Kel Ewey, wani reshen Abzinawa na Timiya da Bagzan, waɗanda ayarinsu yake kai gishirin Bilma da dabino ƙasar Hausa ya komo da hatsi.

Shi kansa dutsen, ba sarƙa ɗaya ba ce doguwa. Tudu ne na tsohon dutse wanda manyan dunƙulallun duwatsu suka huda suka fito a kansa, kowane da sunansa: Bagzan, Tamgak, Gurebun, Todra da sauransu. Mafi tsawo shi ne Idukal-n-Tagas a kan Bagzan, mita 2,022, kuma shi ne wuri mafi tudu a Nijar. Gurebun a can arewa mita 1,944 ne. A wasu wurare za ku ga baƙin dutse shimfiɗe da ƙananan tuddai masu kai a tsine, waɗannan ragowar aman wuta ne na dā. Tsawon nan ne yake jawo ɗan ruwan sama fiye da na hamadar da ke kewaye. Ruwan yana sauka a kan fa wanda ba ya shanye shi, sai ya taru a ƙorama ya gangara da ƙarfi, ya nutse cikin rairayin kwarin ya kwanta a ƙasa. Shi ya sa rijiyoyin lambu suke bakin ƙorama, shi ya sa garuruwa da masallatai da makabartu suke can, shi ya sa kuma hanyar mota take bi ta nan.

Hanyar Timiya ta fi kilomita 200 daga Agadas. Ana bi ta Dabaga da Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Mota mai ƙarfi tana iya yin ta a wuni guda, amma gara a raba ta biyu a kwana a hanya. Tun daga ƙoramar Telwa za ku fara ganin goriba a jere da lambunan albasa da tumatir. Daga nan sai baƙin dutse na sa'o'i, babu inuwa sai ta ƙaya da aduwa, har ka fara zaton an yi ɓatan kai. Kwatsam sai kwarin Timiya ya buɗe, kore shar a tsakanin duwatsu. A watan da za ku je lemu ya nuna a bishiya. Akwai lemun zaƙi, da babban nan mai ɗaci-ɗaci da ake kira pampalamus, da rumman, da ɓaure, da inabi a lokacinsa, ga dabino a sama yana yi musu inuwa, ga alkama da masara da kayan miya a ƙasa.

Ku nemi mai lambun da har yanzu yake ban ruwa da dabba, domin injin famfo yana ta maye gurbinta. Ana kiran na'urar takarkart. Itace ne aka kafa a bakin rijiya da kura biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Gugan babba ne, yana da dogon baki kamar hannun riga. Igiya ɗaya tana ɗaure da gugan, ɗaya da bakin. Idan raƙumi ko sa ya ja, bakin yana naɗe sama ruwa ba ya zuba, sai gugan ya iso kan rijiya igiyar ƙasa ta miƙe bakin, ruwan ya kwarara cikin kwami ya bi magudana zuwa fangali. Yaro ɗaya yana kora dabbar gaba da baya, mai lambu yana can da fartanya yana buɗe fangali ɗaya yana toshe wani. Ku tsaya ku kalli wannan ko na rabin sa'a ne, zai yi muku amfani a aji fiye da hoton littafi. Kada a tsinki komai ba a tambaya ba. Ku saya a hannun mai lambu, shi ma zai ƙara muku gyara.

Matsirgar ruwan Timiya tana ɗan nesa da gari, tafiyar ƴan kilomita. Ruwan yana saukowa ta tsagar baƙin dutse ya taru a tafki a ƙasa. Irin wannan tafkin dutse Abzinawa suna ce masa agalmam. Ƙarfin zubar ruwan ya danganta da daminar shekarar: bayan damina mai kyau yana zuba sosai, a shekarar fari yana iya zama siriri. Ruwan yana da sanyi ƙwarai a lokacin ɗari saboda rana ba ta daɗewa a kansa. Hatsarinsa biyu ne. Na farko, ba a ganin zurfinsa ko duwatsun da ke ciki, don haka ba a tsalle da ka. Na biyu, sanyin yana ɗaure jijiyar ƙafa, mai iya iyo ma yana iya kasawa. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya inda ƙafarsa take taɓa ƙasa. Sabulu da omo ba sa shiga tafki, domin mutane da dabbobi suna sha. A ɗebi ruwa a bokiti a koma gefe. A saman garin akwai ganuwar da Faransawa suka gina a shekarun 1950, ana kiranta Fort Massu. Hawanta bai wuce na ɗan lokaci ba, kuma bayan la'asar ne ya fi, lokacin da hasken yake kwanciya a kan lambuna.

Daga Timiya idan aka ci gaba arewa ta hanyar Iferwan ana isa kufan Asode, kuma nan ne za ku fara ziyara ta gaske. Asode babban gari ne a dā, matattarar ayari, har ana ɗaukarsa tsohuwar cibiyar Azbin. Ya yi ta raguwa, sannan yaƙin da Kawsan, jagoran Abzinawa, ya yi da Faransawa a 1916 zuwa 1917 da ramuwar da Faransawan suka yi bayansa suka ƙarasa watsa mutanen duwatsun. A wannan ramuwa an kashe malamai da dama a Agadas. Yau a Asode bangayen dutse ne tsaye babu rufi, da layukan unguwanni, da kufan babban masallaci wanda ake gane alƙiblarsa, da fasassun tukwane a ƙasa. Kada kowa ya ɗauki ko guntun kasko, kada a hau bango don hoto, domin dutsen jere shi aka yi da laka kuma laka ta zube.

Musulunci ya daɗe a waɗannan duwatsu. Shehu Magili ya ratsa ƙasar Azbin a ƙarshen ƙarni na 15 kafin ya isa Kano. A ƙarni na 16 aka yi Sidi Mahmud al-Bagdadi, shehin Sufaye wanda ya tara almajirai a cikin duwatsun, aka kuma kashe shi a Agalanga. Koyarwarsa ba ta ɓace ba, domin ɗariƙar Halwatiyya ta yankin Tabelot tana jingina kanta gare shi. Akwai tsofaffin masallatai a wurare irin su Agalal da Tintagoda kusa da Iferwan, wasu da littattafan hannu da zuriyar malaman suke adanawa. Masallatan nan ba su da ado. Ginin dutse ne gajere, rufin azara da tabarma, ƙofa sai an sunkuya, ciki duhu da sanyi, rairayi mai tsabta a maimakon shimfiɗa. A bakin hanya ma za ku riƙa ganin duwatsu jere a ƙasa an fitar da siffar mihrabi. Masallacin matafiya ne, ba a taka shi da takalmi, ba a ajiye mota a kansa.

Ladabin ziyara a can mai sauƙi ne amma ana lura da shi. Ana fara gaida mai gari da liman kafin a nufi masallaci ko makabarta. Idan aka fito muku da littafin hannu, mai shi ne yake buɗewa, ku dai ku duba. Tsohuwar takarda tana karyewa da gumin hannu, kuma ba a ɗaukar hotonta sai an yarda. Sadaka a hannun liman ake ba da ita, ko a kawo sukari da ganyen shayi, waɗanda ake daraja su ƙwarai. A makabarta a yi sallama a yi wa mamata addu'a, ba a ɗibar ƙasa, ba a matsar da dutsen kabari. Kun san malamanmu sun saɓa a kan wasu abubuwan da ake yi wajen kaburburan waliyyai. Idan a cikinku akwai masu ra'ayi daban-daban, ku gama maganarku tun a Tawa, kada ku kai gardama garin mutane. Za ku kuma ji ana ambaton Kel Esuf, wato mutanen daji, aljanun da Abzinawa suke cewa suna zaune a kufai da kwazazzabai. Idan jagora ya ce kada a kwana a wani wuri ko kada a zuba ruwan zafi a toka, ku bi maganarsa. Girmama mai masauki ne, kuma sau da yawa wurin da ya hana yana da wani hatsarin na zahiri.

Game da salla, tafiyarku ta wuce nisan ƙasaru, wanda a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, kimanin kilomita 80. Kuna ƙasaru a hanya, amma idan kuka yi niyyar zama kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya sai ku cika. Inda ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, taimama ta halatta, kuma ana yin ta a kan dutse ko rairayi mai tsarki.

Idan kuka zaɓi Bagzan, lissafin daban ne. Ana zuwa yankin Tabelot da mota, ƙasar albasa, daga nan a hau da ƙafa, jakuna su ɗauki kaya. Bagzan faffaɗan tudu ne mai bango a tsaye ta kowane gefe, amma a samansa akwai ƙauyuka da idanun ruwa da lambunan tafarnuwa da dankalin Turawa. Mai tafiya da kaya mara nauyi yana hawa kimanin mita 300 a sa'a, don haka ku ba hawan rabin wuni, ku fara da sassafe. Zuwa ƙololuwar Idukal-n-Tagas wata tafiyar ce daga ƙauyukan sama, sai an ƙara kwana. Kada a ɗora wa jaki fiye da kilo 50 a irin wannan hanya, kuma a daidaita nauyin gefe biyu, domin kayan da ya karkata shi yake jefar da jaki a gangare. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan ne ake yawan gurɗewa saboda tsakuwa tana gudu a ƙarƙashin ƙafa. Sanda tana taimakawa. Takalmi ya zama rufaffe mai ƙasan roba wanda ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi yana fitar da bororo tun wunin farko, silifa kuma ba ta hawa dutse.

Sanyin can ya wuce abin da mutumin Tawa ya saba. Iska tana rage zafi kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, kuma sararin sama a bushe yake, don haka zafin rana yana tserewa da zarar ta faɗi. A Disamba da Janairu ruwa yana iya daskarewa da dare a kan Bagzan. Kowa ya zo da bargo biyu, rigar sanyi mai kauri, safa, hular sanyi ko rawani, da katifa ƴar siririya, domin ƙasa ce take zuƙe ɗumin jiki fiye da iska. Kada a shiga da gawayi mai ci cikin tanti ko rufaffen ɗaki, hayaƙinsa mara wari yana kashe mutum a cikin barci. Ladan wannan sanyi shi ne taurari. Idan kuka dace da daren da babu wata, za ku ga hanyar nan fara ta taurari ta ratsa sama daga gefe zuwa gefe, ga Kaza da Ƴaƴanta, ga Zara. Ku sa jagora ya nuna muku waɗanda madugai suke bi zuwa Bilma.

Dabbobin daji kada ku sa rai da yawa. A 1988 aka keɓe gabashin Azbin da wani sashe na Tenere, hekta miliyan 7.7, a matsayin gandun da doka ta kare. UNESCO ta sa shi a jerinta a 1991, sannan a 1992 ta sa shi cikin wuraren da ke cikin hatsari. Farauta da fari sun rage dabbobi ƙwarai, jimina ma ta ƙare a dajin. Abin da mai haƙuri zai iya gani da sassafe shi ne barewa, agwada a kan duwatsu, jan biri kusa da lambuna, dila, da sawun ragon dutse, shi kansa ragon sai mai sa'a. Tsuntsaye kam suna da yawa a bakin ruwa, har da masu zuwa daga Turai a lokacin sanyi. A can saman duwatsu akwai wani irin zaitun na daji, ragowar zamanin da Sahara take da ruwa. Shaidar wannan zamani mafi girma tana Dabus, kaɗan daga titin Agadas zuwa Arlit: raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a kan fa, babban ya haura mita 5, an ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 da 8,000, ga ɗaruruwan ƙananan zane a kewaye. Idan hanyar dawowarku ta bi ta nan ku tsaya, da safe ko da yamma lokacin da inuwa take fito da zanen. Ba a taka shi, ba a zuba masa ruwa ko a bi shi da alli don hoto ya fito, domin dutsen mai laushi ne yana marmashewa.

Akwai kuma ruwan zafi na Tafadek, arewa da Agadas, inda mutane suke zuwa daga nesa saboda ciwon gaɓoɓi da na fata. Yana sassauta jiki, amma ba ya maye gurbin likita. Kada a wuce minti goma zuwa goma sha biyar a ciki, a sha ruwa kafin a shiga, a tashi a hankali domin zafin yana sa awon jini ya sauka ya kawo jiri. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai ciki su nemi shawarar likita tukuna.

Bukukuwa kuwa, Biyanu na Agadas a watan Muharram yake kaiwa ƙarshe wajen Ashura, Gani ana yin sa lokacin Mauludi, taron makiyaya na garin Ingal kuma a ƙarshen damina ne. Bikin Azbin na Iferwan a lokacin sanyi ake yi amma ranarsa tana canjawa, sai ku tambaya. Ko ba biki, idan aka yi suna ko aure a garin da kuka sauka za ku ji tande, turmin da aka ɗaure wa fata mata suna kiɗa suna waƙa, maza suna zagayawa a kan raƙuma. Ba a ɗaukar hoton mata sai da izini. Idan aka miƙo muku agajira, furar gero da aka daka da dabino da cuku, ku karɓa, tana riƙe ciki wuni guda. Ku roƙi mai dafa muku abinci ya yi tagalla ko sau ɗaya: ana kwaɓa gari, a ture garwashi gefe, a binne ƙullin a rairayi mai zafi, a juya shi bayan kamar minti ashirin, a kakkaɓe a wanke, a gutsuttsura cikin miya.

Sai shirin mota, wanda a nan ne tafiya take gyaruwa ko ta lalace. Ku shida da jagora da direba da kaya, mota ɗaya ba ta isa ba, kuma ko da ta isa, biyu sun fi aminci domin ɗaya tana jan ɗaya. Su zama kat-kat, wato masu jan taya huɗu, masu tsayin ƙasa. Kowace ta ɗauki taya biyu na ajiya, kayan faci, famfo, jak da katakon da za a ɗora shi a kai, felu, igiyar ja, bel ɗin inji da man inji. Ku lissafa lita 15 zuwa 20 na mai a duk kilomita 100 a irin wannan hanya, ku ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai, ku cika a Agadas. Man kwalba na ƙauye yakan zo da ƙura ko ruwa, idan dole ta sa a tace shi da ƙyalle. A rairayi mai laushi ana rage iskar taya zuwa wajen bar 1.5 a ma'aunin iska don ta shimfiɗu, amma da an fito kan dutse sai a mayar, in ba haka ba kaifin dutse yana yanka gefen tayar, kuma yankan gefe ba ya facuwa. Idan mota ta kafe, direba ya ɗaga ƙafa nan take. Ƙara wuta yana ƙara binne ta ne. A tone gaban tayoyi, a sa rassa ko duwatsu, a tura.

Ruwa lita 10 ga kowane mutum a wuni, huɗu zuwa biyar na sha, saura na girki da alwala, da ajiyar kwana biyu da ba a taɓawa. Ku raba shi a bido da yawa, kada ku zuba a babba ɗaya wanda idan ya fashe an rasa duka. Ruwan rijiya da na tafki a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa. A lokacin sanyi mutum ba ya jin ƙishi amma busasshiyar iska tana tsotse shi, alamar ita ce ciwon kai da fitsari ja. Idan zawo ya kama wani, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa. Kunamun yankin suna da mugun dafi, musamman ga yara. A kakkaɓe takalmi da bargo kafin a sa, kada a ɗaga dutse da hannu, a riƙe tocila da dare. Wanda aka harba kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tam, a nufi gidan likita mafi kusa. Mai shan maganin yau da kullum ya zo da na kwanakin duka da ƙari.

Ko da yake lokacinku rani ne, ku riƙe wannan saboda wata tafiyar: ba a kwana a tsakiyar ƙorama. Rairayinta yana da laushi yana jan mutum, amma daga Yuli zuwa Satumba ruwa yana iya sauka a dutse mai nisa inda ba ka ga ko hadari ba, ya iso cikin dare da itatuwa da duwatsu. Ambaliyar da ta rusa unguwanni a Agadas a Satumban 2009 ta ƙoramar Telwa ta zo. A yi zango a tudu, a gefe.

Rezo yana yankewa da an bar manyan garuruwa, don haka ku tambaya ko jagora yana da wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan adam, ku bar wa wani a Agadas da wani a Tawa jerin wuraren da za ku kwana da ranakunsu. Ku riƙe kuɗi a hannu, ƙananan takardu na jika ɗaya da jika biyu, domin canji yana wuya a ƙauye. Itacen girki busasshe kawai ake tsinta, gara ma ku zo da gas. Leda da gwangwani ku dawo da su Agadas, awaki suna cin leda su mutu. Lemun da za ku kawo tsaraba ku saye shi a ranar barin Timiya, a jera shi a kwali da ciyawa a tsakani, a ɗora a saman kaya, in ba haka ba girgizar hanya za ta farfasa shi kafin Dabaga.